Ranakun Lalle a Lissafin Yaya Bukar

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Bukar, kuma sai a 'yan makonnin nan na gane ban taɓa fahimtar zancensa na jarka ta biyar ba. Da na zaci na fahimta tun yana raye. Ashe kai kawai nake gyaɗa masa don ya ƙyale ni in tashi in yi abin da ke gabana.

Abin da ya dawo min da zancen shi ne idon Inna, mahaifiyarmu. Ta daɗe tana fama da ciwon sukari, amma bana ne idon ya fara dishi-dishi. Zare ya daina shigar mata allurar ɗinki. Ran nan ta miƙa wa jikarta gishiri a kan ta zuba a shayi. Likitar da ke duba ta ta ce min, zuwa na gaba in taho da na'urar awon sukarin da muke amfani da ita a gida, tana so ta ga matsakaicin awon na watannin nan. In ya yi kyau, Inna za ta ci gaba da shan ƙwayoyinta, a nemi dalilin idon a wani wuri. In bai yi kyau ba, sai allura kullum. Inna kuwa ta fi tsoron allurar nan a kan komai, saboda yayarta da aka ɗora a kai ba ta cika shekara ba ta rasu, kuma duk duniya babu mai raba Inna da cewa allurar ce ta ƙarasa ta.

Na dawo gida na danna madannin na'urar, ta ba ni lamba kyakkyawa, wadda kowane likita zai gani ya ce madalla. Ya kamata in yi murna. Sai na samu kaina zaune a bakin gado da na'ura a hannu, ina jin kamar Yaya Bukar yana tsaye a bakin ƙofa yana gyara tabarau.

Bari in gabatar da mu tukuna. Sunana Fanna, malamar Hausa ce ni a wata firamare a nan Fagge, kuma ni da lissafi ba ma ga maciji tun ina aji uku. Kakanmu ya baro Barno da fataucin fata, ya sauka a Fagge, bai koma ba. Abin da ya rage mana na can bai wuce sunayenmu ba, da turaren wuta, da shayin da ake zuba wa sukari har cokali ya kusa tsayawa da kansa. Yaya Bukar shi ne ɗan fari. Aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni don ta yi wa mutane lissafi, shi da abokinsa Tunde, haifaffen Sabon Gari, a wani ɗan ofis a saman bene a Titin Ibrahim Taiwo. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. In ya zama dole, sai ta ce “mai tabarau”. Ko gaisuwarsa sama-sama take amsawa tana kallon wani gefe, shi kuma ya yi ta tsokanarta da gangan don ya ga ta rasa inda za ta sa kanta.

Da aka gano ciwon Inna, shi ya sayo na'urar farko a kasuwar Sabon Gari. Ya raba mana aiki: ni in soki yatsanta da safe kafin ta karya, in ɗiga jinin a ɗan tsinken awo, in faɗa masa lambar, shi ya shigar a wata 'yar manhaja da ya rubuta a kwamfutarsa ta hannu. Duk ƙarshen wata manhajar ta tara lambobin, ta raba, ta ba da matsakaici. Wannan kam ko ni na iya: a tara, a raba gida-gida daidai da yawansu.

Sai dai Inna mutuniyar zumunci ce ta bugawa a jarida. Babu biki ko suna daga Fagge zuwa Kwaciri da za a yi ba a ga mayafinta ba, kai har na maƙwabtanmu na da da suka koma Sabon Gari. Kuma ba ta zuwa biki sai da ƙunshi. A wurin biki kuwa ga alkaki, ga nakiya, ga dubulan, ga lemo mai sanyi, kuma Inna ta ce ƙin karɓar abin da uwar amarya ta miƙo maka da hannunta wulaƙanci ne. Washegari in na zo da na'ura, sai ta naɗe hannuwanta a cikin zane.

“Ke Fanna, yatsun da aka sha wahala aka yi wa lalle za ki huda min? Bari ya ɗan kwana biyu ya kama.”

In na ce to a ba ni gefen yatsa inda lallen bai kai ba, sai ta ce ashe ban da tausayi. Haka za a yi kwana biyu ko uku, wani lokacin fiye, in bikin na dangi ne da ake ta kai da kawo da ragowar kayan gara. Sai zaƙi ya ƙare a gidan, sai ta miƙo hannu da kanta kamar ba ita ba.

Ƙarshen watan farko Yaya ya buɗe kwamfuta a tsakar gida, muka kewaye shi muna jiran lamba. Babu lamba. Haruffa uku ne na boko suka fito a allon: NaN. Na ce ta lalace. Ya ce lafiyarta ƙalau, amsar da ta ba da ke nan, kuma ma'anarta “wannan ba lamba ba ce”. Ya ce a wurin masu aikinsa, in aka zo wurin da ba a auna ba, wannan alamar ake sawa, kuma halinta shi ne duk lissafin da ta shiga sai ta mayar da shi irinta. Ka tara lambobi masu kyau komai yawansu, ka haɗa da ita guda ɗaya, jimillar ta zama ita. Ka raba, ita ce dai. Kamar ɗigon kananzir a randar ruwa.

Na ce, “To ka sa sifili mana a ranakun da ba a auna ba, mu huta.”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Sifili? Fanna, mutumin da sukarin jininsa ya zama sifili ai wanka ake yi masa. So kike kwamfuta ta ɗauka Inna tana mutuwa duk bayan biki tana dawowa?”

Inna daga kicin ta ce, “Ina jin ku fa.”

A ranar ne ya kawo zancen jarka. Mai ruwa ya sauke mana jarkoki biyar a jikin bango. Yaya ya ce in ɗauka ina so in san, a matsakaici, ruwa nawa ne a kowace jarka. Na leƙa huɗu na gani, ta biyar murfinta ya ƙi buɗuwa. Ya ce in na ce babu komai a cikinta, na yi mata ƙazafi, kuma lissafina zai yi ƙasa. In na ture ta gefe na raba gida huɗu, na faɗi gaskiya a kan huɗu, amma wajibi ne in gaya wa mai tambaya cewa huɗu na leƙa. In kuma na ce ai kamar 'yan'uwanta take, na cika gurbinta da irin nasu, to duba na yi irin na boka, ba awo ba.

Na ce, “A ɗaga ta mana a ji nauyinta.”

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce na fi kwamfuta wayo. Sannan ya ce amma kafin duk wannan akwai tambayar da ake fara yi: me ya sa wannan ce kaɗai ta ƙi buɗuwa, kuma wa ya ɗaure ta? Ni dai a lokacin tuwo na bari a wuta. Na ce na gane, na tashi.

Manhajar tasa haka ta ci gaba. Duk wata sai ta fara nuna haruffan nan uku. Sai ya sake danna wani abu, sannan ta ba da matsakaicin ranakun da aka auna, kuma a gefensa, da manyan baƙi, ta faɗi safiya nawa aka auna, safiya nawa ba a auna ba. Ya ƙi yarda lambar ta fito ita kaɗai. In sun je asibiti kuma, a gaban Inna zai ce wa likita, “Guraben nan duk washegarin biki ne.” Inna ta kasa yi masa faɗa, tunda faɗa sai an kalli mutum, ita kuwa ba ta kallonsa. Sai ta dawo gida ta huce a kaina, ta ce kwamfutar mai tabarau ta gado shi a taurin kai.

Rasuwarsa ba ta ba mu sanarwa ba. Zazzaɓi ne, aka kwantar da shi, kafin mu gama shirya wa zai kwana wa zai kai abinci, an ce mu zo mu ɗauka. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Na yi kuka har muryata ta tafi. Inna kuwa tana zaune a tabarma tana amsa gaisuwa da “sai haƙuri”, idonta a bushe. Mata suna ta yaba mata, wai ta riƙe kunyar ɗan fari har ƙarshe. Ni a raina haushi na ji, wallahi haushi na ji, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Daga ranar ko “mai tabarau” ɗin ma ta daina cewa. Aka ɗauke kujerarsa daga tsakar gida, ba ta ce a bari ba. Na ɗauka ta ture shi gefe ne ta ci gaba da mu da muka rage, kuma na ce wataƙila haka ya fi sauƙi. Ni ma sai na koyi hakan. In baƙo ya tambaye ni mu nawa ne a wurin Inna, sai in ce huɗu, don in na ce biyar sai an tambayi ina na biyar ɗin.

Kwamfutarsa ta yi ta aiki bayan shi na ɗan lokaci, sannan wata rana ta ƙi tashi. Na'urar awon ma ta tsufa, aka sayo sabuwa. Wannan ta zamani ce, ita ke ajiye lambobinta, kuma madanni ɗaya za ka danna ta ba ka matsakaici. Ba ta taɓa nuna haruffa uku ba. Ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Duk lokacin da ka tambaye ta tana da amsa, kuma amsar mai daɗi. Inna ta ce ga na'ura mai tarbiyya.

Ina yawan tunanin abin da Yaya zai ce da zamanin nan. Yanzu waya ma tambayarta ake yi kamar mutum, ta amsa maka da cikakkiyar jimla, ba gargada. Malaman makarantarmu matasa da ita suke shirya darasi. Ban san ko zai yi murna ba, tunda sana'arsa ce ta kai nan, ko kuwa zai yi ta bin su yana tambaya gida nawa aka raba. Ina jin zai yi duka biyun, ya ishi kowa. Ni ma na tambayi wayar a kan matsalata. Ta jero min hanyoyi, kowace da amfaninta, ta ce ya danganta. Na ajiye ta na fi da rikicewa.

Abin da ya hana ni barci shi ne, na'urar ba ta yi ƙarya ba. Duk lambar da ta tara ni na auna da hannuna. Ta tara daidai, ta raba daidai. Inna ma ba ta yi ƙarya ba, lalle dai ta sa, kuma kowa ya ga lallen. To ina ƙaryar take, in har akwai? Kuma in babu, me ya sa idon yake tafiya?

Na rasa wanda zan tambaya, sai na hau a-daidaita-sahu na nufi Sabon Gari wurin Tunde. Ya bar ofishin bene tun bayan rasuwar abokinsa, yanzu yana da shago a wani lungu inda yake koyar da masu son sana'ar. Gashinsa ya yi furfura. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, ya ce, “Ƙanwata, ke ce? Ina Mama?” Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Na zauna na zayyana masa komai, na miƙa masa na'urar.

Ya jujjuya ta ya ce ba ta da laifi, tsallake gurbi take yi, kuma yawancin na'urori haka aka gina su, don mutane ba sa sayen abin da zai ce musu bai sani ba. Ya ce a aikinsu akwai umarnin da ake rubutawa musamman don a tsallake wuraren da babu awo, kuma Bukar da kansa ya sha amfani da shi.

Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Na ce, “Yaya Bukar ɗin? Shi da ya hana mu sakat a kan tsallake?”

Ya ce ƙwarai. Sun taɓa yi wa wani mai sayar da hatsi aiki, ana auna nauyin buhuna, wani lokacin mai karantawa ya tafi salla ko ya manta, buhu ya wuce ba a rubuta ba. Bukar ya tsallake waɗannan bai ko yi gardama ba, saboda buhun da aka manta bai bambanta da sauran ba, tsautsayi ne kawai ya faɗa kansa. Amma akwai wani mai ɗakin sanyi na kifi da ya so su nuna masa matsakaicin sanyin ɗakin. Ma'aunin nasa da wutar lantarki yake aiki. In an ɗauke wuta, ma'auni ya mutu, babu awo. Wato daidai lokacin da ɗakin ke ɗumama, lokacin ne babu mai rubutawa. In ka tsallake guraben, ɗakin zai fito da sanyi ƙalau ko da kifin yana wari. Bukar ya ƙi, mutumin ya yi fushi ya kai aikinsa wani wuri. Tunde ya ce sun yi sati ba sa magana da Bukar a kan wannan, don a lokacin suna bukatar aikin.

Na ce, “To yaushe ake tsallakewa, yaushe ba a yi?”

“Sai kin san dalilin da ya sa babu.”

“In ban sani ba fa?”

Ya dube ni ta saman gilashinsa kamar yadda Yaya yake yi, abin da ya sa na kawar da kai. “Ƙanwata, ke kin sani.”

Na roƙe shi ko akwai dabarar da za a cika guraben da ita, a samu lamba ta gaskiya in kai wa likita. Ya ce dabaru kam suna da yawa. Ana iya sa awon jiya a gurbin yau, ana iya sa matsakaicin sauran, ana iya ja layi tsakanin awon da ya gabata da wanda ya biyo baya. Amma duk cikinsu babu wadda ta ga abin da Mama ta ci a gidan biki. Na fito daga shagon da tambayoyin da suka fi waɗanda na shiga da su. A hanya har na wuce kwanar gidanmu ban ce wa mai a-daidaita ya tsaya ba.

Inna ba yarinya ba ce, ta san inda na je. Ana gobe asibiti, bayan la'asar, ta kira ni ɗakinta. Tana zaune da carbi, hannunta jawur da ƙunshin bikin 'yar ƙawarta da aka gama a Kwaciri.

“Fanna, gobe ki nuna mata abin da na'ura ta ce. Ai ba ƙarya na ce ki yi ba.”

Na ce, “Inna, idonki fa.”

“Ido tsufa ne. Allura kuwa kin ga abin da ta yi wa yayata. Ki rufa min asiri.”

Ban taɓa jin Inna ta roƙi wani abu a wurina ba sai ranar. Na ce to. Wallahi da na ce to ɗin, har zuciyata nake nufi. Na yi ta gaya wa kaina cewa aikina miƙa na'ura ne, karatu na likita ne. Kuma wa ya sani? Wataƙila a ranakun lallen sukarin ba ya hawa yadda nake zato. Ban auna ba, ta yaya zan rantse? Yaya da kansa ya ce cika gurbi da zato duba ne. In na ce ya hau, ni ma duba na yi. In na yi shiru, na tsallake. Duk inda na juya sai in tarar da shi a tsaye yana girgiza kai, kuma ban san wanne yake girgiza wa ba. Na ji haushinsa ma, Allah Ya gafarta min, da ya tafi ya bar ni da tambaya bai bar min amsa ba.

Da safe muka je. Likitar mace ce mai fara'a, ba ta kai ni shekaru ba. Ta gaida Inna da “Mama, ina kwana”, ta karɓi na'urar, ta danna, ta ga lambar, ta ce, “A'a, Mama ai kina ƙoƙari.” Inna ta gyara zama. Likita ta ɗauki biro za ta rubuta, sai ta ɗago ta tambaye ni, kamar abin da ba shi da muhimmanci, “Kullum kuke aunawa ko?”

Da “e” kawai na ce, da an gama. Na buɗe baki in ce e. Abin da ya fito shi ne, “Likita, wannan lissafin ranakun da aka auna ne. Akwai ranakun da ba a auna ba, kuma suna da yawa. Duk washegarin biki ne. Abin da sukarinta yake a ranakun, ban sani ba.”

Ban iya kallon Inna ba. Likita ta ajiye biro, ta dubi hannuwan Inna masu lalle, ta yi ɗan murmushi. Ta tura mu ɗakin gwaji, ta ce akwai awon jini da ke nuna halin sukari na watannin baya gaba ɗaya, har da ranakun da ba a soki yatsa ba. Muka zauna a benci muna jiran sakamako har bayan azahar. Inna ta bar tazarar mutum guda tsakanina da ita. Na sayo mata ruwa, ta ce ba ta jin ƙishi. A zaune a wurin na yi ta tambayar kaina ko amana na ci ko amana na riƙe, kuma har yanzu da nake rubutun nan, in aka matsa min, ba zan iya rantsuwa a kan ɗaya ba.

Sakamakon ya fito, ya yi sama sosai. Likita ta yi wa Inna bayani a hankali. Ta ce allura ba ita ke kashe mutum ba, sau da yawa ana makara ne kafin a fara ta, shi ya sa ake ɗora mata laifi. Ta ce abin da ya tafi na ido ba lallai ya dawo ba, amma ana iya tsare wanda ya rage. Inna tana ta jan carbi. Ni na riga na sallama cewa za ta miƙe ta ce a kai ta gida.

Mutane kan tambaye ni me Yaya Bukar ya bari. Bai yi aure ba, bai gina gida ba. Kwamfutarsa tana cikin akwati a ƙarƙashin gadona, ba ta tashi. Manhajojin da ya rubuta wa mutane na tabbata an daɗe da maye gurbinsu da waɗanda ba sa gardama. Ko zancen jarkar ma, ga shi na ce muku ban gama gane shi ba. Har yanzu ban san ƙa'idar ba, kuma in kuka ba ni lissafi mai gurbi gobe, Tunde zan kai wa. Abu guda na san ya bari, shi ne bakina ya kasa faɗin lamba ba tare da ya faɗi wanda babu a cikinta ba. Na zaci ni kaɗai ya bar wa wannan ciwon a gidanmu.

Likita ta ce allurar tana bukatar wanda zai riƙa yi mata a gida, tunda idonta ba zai ga ma'aunin ba. Ta ce, “Mama, 'ya'yanki nawa?”

Na buɗe baki in ce huɗu, kamar yadda na saba. Inna ta riga ni.

“Biyar,” ta ce. “Ɗaya ba ya nan. Bukar. Da yana nan, shi zai yi min, don shi ya fara tona min asiri a gaban likita.”

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta miƙo hannunta mai lalle ta kama nawa ba tare da ta dube ni ba.

“Likita, ki koya wa wannan. Ta gado shi.”